Rigimar Gidan Harsashi: Yadda Masu Bindiga Suka Yi Wa Sanatoci Biyu Kiranye A Jihar Kolorado

 

Duk mai sauraron labaran duniya ya saba jin cewa wani ya shiga makaranta ko kanti ko wurin ibada a ƙasar Amurka ya buɗe wuta a kan bayin Allah. Kuma duk lokacin da haka ta faru tambayar da mutanenmu kan yi ita ce, wai me ya hana gwamnati mai ƙarfi irin wannan ta tsawata? Amsar wannan tambaya tana da tsawo, kuma rabinta ba a birnin Washinton take ba, tana can cikin majalisun dokoki na jihohi, inda ƙuri'ar mutum ɗaya kan iya tayar da doka ko ta binne ta. Don haka ne a yau za mu waiwayi abin da ya faru a jihar Kolorado cikin shekarar 2013, lokacin da aka yi kare jini biri jini a kan wani ɗan akwati da bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba.

Mene Ne Gidan Harsashi?

Gidan harsashi, wanda sojoji da 'yan sanda ke kira magazin, shi ne ɗan akwatin nan na ƙarfe ko roba da ake jera harsasai a ciki a soka shi a ƙasan bindiga. A cikinsa akwai sifirin da ke tura harsashi sama, ta yadda da zarar ɗaya ya fita na bayansa zai hau gurbinsa. Yawancin bindigogin da farar hula ke saye a Amurka irin waɗanda duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ke fita ne, amma mai harbi ba ya buƙatar tsayawa ɗuri har sai gidan ya ƙare. Bindigar nan samfurin AR-15 takan zo da gida mai cin harsashi 30, ƙaramar bindiga ta Glock 17 kuwa tana cin 17.

Masu son a taƙaita girman gidan suna cewa duk lokacin da maharbi ya tsaya canja gida, 'yan daƙiƙoƙin nan su ne damar da wani zai ruga ko wani ya cafke shi. Su kuma masu bindiga suna cewa wanda ya ƙware yakan canja gida cikin ƙiftawar ido, ɓarawo ba ya bin doka, kuma mutumin da 'yan fashi suka shigo wa gida cikin dare shi ne ya fi kowa buƙatar harsashi mai yawa ba tare da tsayawa ba. A kan waɗannan hujjoji biyu aka shafe shekaru ana ja-in-ja.

Tushen Al'amarin

A shekarar 1791 aka tabbatar da gyara na biyu a tsarin mulkin Amurka, wanda ya kare 'yancin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa. Ƙungiyar masu bindiga mafi suna, wato NRA, an kafa ta ne a 1871 a Niyok, kuma tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa ne suka kafa ta don koya wa mutane iya saiti. Sai a 1975 ta buɗe reshe na musamman don kamun ƙafa a majalisu, sannan a babban taronta na 1977 a birnin Cincinnati masu ra'ayin riƙau suka ƙwace shugabancinta. Tun daga nan ta zama ƙungiyar siyasa da ke ba kowane ɗan takara maki kamar ɗan makaranta, gwargwadon yadda ya jefa ƙuri'a a kan dokokin bindiga.

A watan Satumba na 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana ƙera sabon gidan harsashi mai cin fiye da 10 don sayar wa farar hula. To amma an gina dokar da wa'adin shekara 10, kuma da wa'adin ya cika a 2004 majalisar tarayya ta ƙi sabunta ta. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa 'yancin riƙe bindiga na kowane mutum ne a kan kansa, a 2010 kuma ta ce jihohi ma wajibi ne su mutunta shi. Sai dai kotun ta ce 'yancin yana da iyaka, ba ta kuwa fayyace inda iyakar take a kan gidan harsashi ba. Wannan ya bar ƙofa a buɗe, kowace jiha ta gwada sa'arta.

Abin Da Ya Tunzura Kolorado

Kolorado jiha ce ta tsaunuka da makiyaya da mafarauta a yammacin Amurka, inda bindiga ke cikin kayan gida tun kafin ta zama jiha a 1876. Kuma jiha ce da ta sha ganin jini. A ranar 20 ga Afrilu 1999 wasu ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu 12 da malami ɗaya a makarantar sakandare ta Columbine. A ranar 20 ga Yuli 2012 wani matashi ya shiga gidan silima a garin Aurora da tsakar dare, ya kashe mutum 12, wasu 70 suka jikkata. A jikin bindigarsa akwai gida mai zagaye kamar ganga wanda ke cin harsashi 100, kuma Allah ya sa ya cije masa kafin ya ƙare.

Kafin wannan, a watan Janairu na 2011 an harbi 'yar majalisar tarayya Gabrielle Giffords a ka a birnin Tucson na jihar Arizona, mutum 6 suka mutu. Maharbin ya yi amfani da gida mai cin 33, kuma mutane sun danne shi ne a daidai lokacin da yake ƙoƙarin sa wani. Sannan a ranar 14 ga Disamba 2012 aka kashe ƙananan yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut, da gidaje masu cin 30. Wannan kisa ya girgiza ƙasar fiye da duk na baya.

Ana haka kuwa jam'iyyar Dimokurat ta riga ta lashe zaɓen Nuwamba 2012 a Kolorado. Tana da kujeru 37 cikin 65 a majalisar wakilan jihar, da 20 cikin 35 a majalisar dattawa, ga kuma gwamna nata, John Hickenlooper. Da aka buɗe zama a Janairu 2013 sai 'yan jam'iyyar suka zo da jerin ƙudurori a kan bindiga. Wadda ta gabatar da na gidan harsashi ita ce Rhonda Fields, wakiliya daga Aurora. Ita kanta an harbe ɗanta da budurwarsa a 2005, ana saura 'yan kwanaki ya ba da shaida a wata shari'ar kisan kai.

Kamun Ƙafa Da Matsin Lamba

Da farko ƙudurin ya ce kada gida ya wuce harsashi 10. Tun a kwamiti aka ɗaga shi zuwa 15 don a shawo kan masu ɗari-ɗari. Duk da haka masu bindiga suka ce ba su san zancen ba, suka kuma fito ta fuskoki daban-daban.

Da farko akwai ƙungiyoyi. Ban da NRA, akwai wata ta cikin gida mai suna Rocky Mountain Gun Owners ƙarƙashin Dudley Brown, wadda ke ganin ita NRA ɗin ma ta cika sassauci. Waɗannan suka riƙa sanar da mambobinsu ranar zaman kwamiti da lambar ofishin kowane ɗan majalisa, har akwatunan imel suka cika, wayoyi ba sa hutawa.

Sai kuma kamfanin Magpul da a lokacin yake garin Erie, wanda wani tsohon sojan kundumbala ya kafa a 1999, kuma yana cikin manyan masu ƙera gidan harsashi na roba a ƙasar. A lokacin kamfanin na da ma'aikata kusan 200, ban da ƙananan masana'antun da ke yi masa aiki. Shugabanninsa suka fito fili suka ce muddin ƙudurin ya zama doka za su kwashe nasu-ya-nasu su bar jihar. 'Yan majalisa suka sa gyaran da zai ba kamfani damar ci gaba da ƙerawa don sayarwa a wajen jiha, amma Magpul ya ce ba zai zauna yana biyan haraji a inda aka haramta wa maƙwabtansa sayen kayansa ba.

Na uku su ne shugabannin 'yan sandan gundumomi, waɗanda ake kira sherif. Su waɗannan jama'a ne ke zaɓensu, ba gwamna ke naɗa su ba, don haka ba sa jin tsoron kowa a Denver, babban birnin jihar. Suka riƙa zuwa majalisa cikin kakinsu suna tsayawa sahu-sahu. Hujjarsu ita ce dokar ba ta aiwatuwa: ta yafe wa duk wanda ya mallaki babban gida kafin 1 ga Yuli 2013, to ta yaya ɗan sanda zai bambanta na jiya da na yau alhali ba su ɗauke da kwanan wata? John Cooke na gundumar Weld ya fito ƙarara ya ce shi ba zai aiwatar da ita ba. Akwai kuma wata jimla a ƙudurin da ta haramta gidan da aka tsara don a iya ƙara masa girma cikin sauƙi. Masu adawa suka ce kusan kowane gida ana iya cire gindinsa don wankewa, ke nan an haramta kusan duka ta bayan fage.

Majalisar wakilai ta tafka muhawara har cikin dare, Mataimakin Shugaban Ƙasa Joe Biden ya riƙa buga wa wasu 'yan Dimokurat waya yana ƙarfafa musu gwiwa. A ranar 18 ga Fabrairu ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 34 da 31, wato 'yan Dimokurat uku sun juya masa baya.

Ranar da ta fi kowace zafi ita ce 4 ga Maris, lokacin da kwamitocin majalisar dattawa suka saurari ƙudurori bakwai a yini ɗaya. Motoci suka yi ta kewaya ginin majalisa suna danna oda tun safe har yamma, wani ɗan jirgin sama yana shawagi da ƙyalle mai roƙon gwamna kada ya ƙwace musu bindigogi. A ciki kuwa Mark Kelly, mijin Giffords, ya ba da shaida, haka ma iyalan waɗanda aka kashe a Columbine da Aurora da Sandy Hook. To amma saboda yawan ƙudurorin an ƙayyade wa kowane ɓangare lokaci, mutane da yawa da suka yi tafiyar sa'o'i daga ƙauyuka suka koma gida ba a ji ta bakinsu ba. Wannan ya yi musu ciwo ƙwarai, kuma shi ne ya zama makamashin abin da ya biyo baya.

Matsin bai tafi a banza ba. Kafin mako ya ƙare an janye ƙudurori biyu, ɗaya mai hana shiga harabar jami'a da bindiga a ɓoye, ɗaya kuma na shugaban majalisar dattawa John Morse, mai ɗora wa masu ƙera wasu bindigogi da masu sayar da su alhakin ɓarnar da aka yi da su. Na gidan harsashi kuwa ya tsallake da ƙyar a ranar 11 ga Maris, da ƙuri'a 18 da 17. Gwamna ya sa hannu a ranar 20 ga Maris, wata takwas cif bayan harin Aurora, tare da dokar binciken tarihin mai sayen bindiga ko da a hannun wani mutum ya saya. Daren da ya gabata aka harbe shugaban hukumar gidajen yari na jihar, Tom Clements, a ƙofar gidansa.

Abin lura shi ne, a wata mai zuwa majalisar dattawan tarayya ta yi watsi da irin wannan taƙaitawa da ƙuri'a 54 da 46. Ke nan abin da Washinton ta kasa, Denver ta yi.

Kiranye

Tsugune ba ta ƙare ba. A watan Mayu sherif-sherif sama da 50 daga cikin 62 da aka zaɓa a jihar suka kai ƙara kotun tarayya. Magpul ya ba mazauna Kolorado fifiko wajen sayen manyan gidaje kafin wa'adi, kuma ana saura kwana biyu dokar ta fara aiki ya raba 1,500 kyauta a wani gangami kusa da Denver.

Babban makamin dai shi ne kiranye. Tsarin mulkin jihar ya ba jama'a damar tsige wanda suka zaɓa idan suka tara sa hannun da ya kai kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa a zaɓen kujerar da ya gabata, cikin kwana 60. An fi shekara 100 da wannan tanadi amma ba a taɓa tsige ɗan majalisar jiha da shi ba. An fara da mutum huɗu, biyu aka kasa tara musu sa hannu, biyu kuma aka samu. Na farko shi ne John Morse na Colorado Springs, wanda tsohon shugaban 'yan sanda ne na wani ƙaramin gari, kuma wa'adinsa na ƙarshe yake yi. Ta biyu ita ce Angela Giron ta birnin Pueblo, garin ma'aikatan ƙarfe da ya daɗe yana bin Dimokurat. Wanda ya jagoranci tara mata sa hannu wani matashi ne mai gyaran famfo da 'yan uwansa da abokansa, waɗanda ba su taɓa siyasa ba.

Kuɗi suka kwararo daga ko'ina. Magajin garin Niyok na lokacin, Michael Bloomberg, ya ba da dala 350,000 don kare sanatocin, attajiri Eli Broad ya ba da 250,000. NRA ta kashe kimanin 360,000 a ɗaya ɓangaren. A lissafin da aka bayyana, masu kare sanatocin sun tara kusan dala miliyan 3, abokan hamayyarsu kuwa kimanin rabin miliyan, ko da yake akwai ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu faɗin abin da suka kashe ba. Sai dai kuɗin Bloomberg ya zame wa sanatocin alaƙaƙai, domin masu kiranye sun yi ta cewa ga wani hamshaƙi daga gabas zai saye musu jiha. Ga kuma hukuncin kotu da ya sa ba a aika wa mutane takardar ƙuri'a ta gidan waya ba kamar yadda suka saba, wanda ya rage yawan masu jefa ƙuri'a.

A ranar 10 ga Satumba 2013 aka yi zaɓen. Morse ya faɗi da ratar ƙuri'a ɗari uku da 'yan kai, cikin ƙuri'u ƙasa da 18,000. Giron, wadda kowa ya zaci za ta sha, ta faɗi da kashi 56 cikin 100. 'Yan Rifablikan biyu, Bernie Herpin da George Rivera, suka hau kujerunsu, rinjayen Dimokurat ya koma 18 da 17. Nan da nan aka sake taso wa Sanata Evie Hudak. Da ta ga idan ta faɗi jam'iyyarta za ta rasa majalisar gaba ɗaya, sai ta yi murabus a ƙarshen Nuwamba, domin doka ta ba jam'iyya damar naɗa magajin wanda ya sauka da kansa.

Wa Ya Ci, Wa Ya Faɗi?

A Janairu 2014 Magpul ya cika alkawari, ya sanar da mayar da masana'antarsa Cheyenne a jihar Wyoming, hedkwata kuma Texas. A tsakiyar shekarar Gwamna Hickenlooper ya ba sherif-sherif haƙuri a kan rashin zama da su kafin ya sa hannu. A zaɓen Nuwamba 2014 'yan Rifablikan suka karɓe majalisar dattawa, amma Herpin da Rivera duk suka faɗi, kujerun biyu suka koma hannun Dimokurat, shi ma gwamna ya sake ci da ƙyar.

Dokar kuwa ba ta motsa ba. A 2015 majalisar dattawa ta amince a soke ta, ta wakilai ta kashe ƙudurin a kwamiti. A kotun tarayya mai shari'a Marcia Krieger ta tabbatar da ita a 2014, a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce masu ƙarar ba su ma da hurumin shigar da ita. A watan Yuni na 2020 Kotun Ƙolin jihar ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulkin Kolorado ba. To amma maganar sherif-sherif ma ba ta faɗi ƙasa ba, domin a 2019 wani gidan talabijin na Denver ya nuna yadda wasu shaguna ke sayar da manyan gidaje a wargaje, mai saye ya je gida ya harhaɗa. Wanda ya kashe mutum 10 a wani kanti a Boulder a 2021 ma an same shi da haramtattun gidaje.

Riba mafi girma da masu bindiga suka samu ita ce tsoro. Shekara biyar 'yan majalisar jihar suna kaffa-kaffa da duk wani babban ƙuduri a kan bindiga, 'yan siyasar wasu jihohi kuma suka shafa wa gemunsu ruwa. An sake ganin irin wannan salo a jihar Virginia a Janairu 2020, inda mutum kusan 22,000 suka taru a Richmond ranar kamun ƙafa, bayan wata guda kuma 'yan Dimokurat huɗu suka haɗa kai da 'yan Rifablikan a kwamiti aka jingine ƙudurin da ya ƙunshi taƙaita gidan harsashi. A Vermont kuwa a 2018 an yi gangami, an raba gidaje kyauta a ƙofar majalisa, amma gwamnan Rifablikan Phil Scott ya sa hannu.

A Kolorado tsoron ya gushe ne bayan zaɓen 2018, wanda ya kawo Tom Sullivan majalisar wakilai. Shi mahaifi ne ga ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe a silimar Aurora. A 2019 ya jagoranci dokar da ke ba alƙali damar karɓe bindigar wanda aka ga yana shirin cutar da kansa ko wasu. An gwada yi masa kiranye, abin ya watse tun kafin a kai ga akwatin zaɓe. A Afrilu 2025 Gwamna Jared Polis ya sa hannu a wata doka da ta gindaya sharaɗin horo kafin sayen da yawa daga bindigogin da ake cire wa gida, kuma ɗaya daga hujjojin masu ita shi ne toshe ɓarakar dokar 2013.

Kammalawa

Wani binciken jin ra'ayi da jami'ar Quinnipiac ta yi a Agusta 2013 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu zaɓe a Kolorado suna goyon bayan binciken mai sayen bindiga, amma a kan gidan harsashi sun rabu kusan biyu daidai. Bambancin shi ne, a ɓangare ɗaya akwai mutanen da wannan magana kaɗai za ta fito da su daga gida ranar Talata su bi layi, a ɗaya ɓangaren kuwa da yawa sun yarda da dokar amma suna da wasu damuwoyin da suka fi ta. Ɗan majalisa kuwa waɗanda suka fito yake ƙirgawa. Masu neman a taƙaita bindiga sun ɗauki wannan darasi, su ma suka koyi cika zauren kwamiti da tsayar da 'yan takara daga cikin iyalan da aka yi wa rashi. Shi ya sa kujeru uku suka salwanta a 2013, amma adadin 15 da aka rubuta a dokar ya wuce shekara goma ba wanda ya iya goge shi.

A nan za mu dakata. Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga sharrin makami da mai riƙe da shi, amin.